Yadda Bairas Ke Ɗaure Hannun Mai Gadi a Cikin Tantanin Halitta

Sauron da ke kawo zazzaɓin shawara, wannan mai ɗigon fari-fari a ƙafafu da ke ƙyanƙyasa a randa da tsofaffin tayoyi, idan macensa ta sha jinin mara lafiya, bairas ɗin yakan zauna a jikinta har ƙarshen rayuwarta. Yana hayayyafa a hanjinta, ya ratsa har inda yawunta ke fitowa, amma ita ko a jikinta. Tana tashi, tana cizo, tana saka ƙwai. Mutumin da ta ciza kuwa, idan abin ya zo da tsanani, kafin mako biyu idanunsa sun koma ruwan ɗorawa. Sauro ba shi da irin sojojin jinin da muke da su, waɗanda ke haddace fuskar cuta su jira dawowarta. To da me take riƙe bairas ɗin har bai kashe ta ba?

Amsar tana cikin wata dabara da masana ke kira toshe bakin RNA. Kafin a gane yadda bairas ke karya wannan dabara, sai an fara ganin yadda take aiki.

Kowane tantanin halitta yana da kundin umarni, wato DNA, a ajiye a tsakiyarsa. Ba a fita da kundin waje. Idan ana son ƙera wani furotin, sai a kwafo shafin da ake buƙata a kan RNA, a aika shi wurin ƙira kamar takardar saƙo. Wannan takarda silli ɗaya ce. Bairas ba shi da maƙera tasa, saboda haka sai ya shigo da tasa takardar ya cusa cikin na masu gida, a yi ta ƙera masa kaya. Amma akwai inda asirinsa ke tonuwa. Bairas mai RNA ba zai iya kwafar kansa kai tsaye ba, sai ya fara yin kishiyar sillinsa, harafi yana fuskantar harafi, sannan daga ita ya fitar da sababbi. A wannan tsakani sillin biyu sukan naɗe juna kamar igiya mai tufka biyu. Doguwar RNA mai tufka biyu ba kasafai ake samunta a lafiyayyen tantani ba. Ganinta kamar ganin sawun baƙo ne a bayan rumbu da asuba.

Akwai wani furotin mai suna Dicer da aikinsa ke nan. Da ya ci karo da irin wannan igiya sai ya hau ta da yanka, gunduwa-gunduwa, a jikin ƙwari kowace gunduwa haruffa 21. Daga nan sai a miƙa gunduwar ga wani furotin, Argonaute. Shi kuma ya warware tufkar, ya yar da silli ɗaya, ya riƙe ɗayan. Ku ɗauki misalin matar da aka ba guntun ƙyallen anko ta shiga kasuwa tana ɗora shi a kan kowace atamfa don ta samo irinsa. Haka Argonaute ke yawo da guntunsa, sai dai shi duk takardar da ta dace da samfurin da ke hannunsa, datse ta yake yi gida biyu. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne, daga jikin bairas ɗin aka yanko makamin da za a kashe shi da shi. Ba sai tantani ya taɓa haɗuwa da wannan cuta ba.

An yi tuntuɓe da abin ne tun ba a san mene ne ba. A 1990 Richard Jorgensen da abokan aikinsa suka ƙara wa furen petuniya ƙwayar gadon da ke ba shi launin shunayya, da nufin launin ya ƙara turuwa, sai ga furanni suna fitowa farare ko dabbare-dabbare. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a jikin wata 'yar tsutsa cewa RNA mai tufka biyu ce ke kunna wannan toshiya, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2006. A wannan shekara ta 1998 ɗin dai masu binciken tsirrai suka gano cewa wasu bairas na shuka suna ɗauke da furotin na musamman da ke kashe toshiyar. Daga baya aka samu irinsu a bairas ɗin da ke sa ganyen rogo ya yi zane-zane ya ƙanƙance, wanda manomanmu suka sani sarai. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Bairas abu ne mai tsananin tsimi, wani duk dukiyarsa ƙwayoyin gado uku ne ko huɗu. Idan ya ware ɗaya don yaƙar wani abu, to wannan abu yana ci masa tuwo a ƙwarya.

Na dabbobi ya fito fili a 2002, a ɗakin binciken Shou-Wei Ding na Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside. Sun yi aiki da wani ƙaramin bairas mai suna Flock House, wanda aka fara samu a jikin wata gwazarma mai cin saiwar ciyawa a ƙasar Niyu Zilan, aka raɗa masa sunan cibiyar koyon noma da ke kusa da wurin. Yana da wani ɗan furotin da ake kira B2. Sai suka cire masa B2 suka saka shi cikin tantanin ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro. Bairas ya kasa kataɓus. A nan wani zai iya cewa ai wataƙila B2 wani ɓangare ne na injin kwafa, an cire shi injin ya tsaya. Sai suka yi mataki na biyu, wanda shi ne ginshiƙin duk wannan fage har yau: suka rage Argonaute a cikin tantanin, suka sake saka gurgun bairas ɗin. Sai ga shi yana hayayyafa. Ashe injinsa lafiya lau, mai gadi ne ya hana shi, kuma aikin B2 shi ne ɗaure mai gadin. Ku riƙe wannan gwaji mai hawa biyu, domin rigimar da za mu tarar a gaba duk a kansa take.

B2 ba ya faɗa da Dicer gaba da gaba. Biyu-biyu suke haɗuwa su kwanta a kan igiyar mai tufka biyu, su lulluɓe ta, Dicer ya zo ya rasa inda zai sa wuƙa. Idan ma an riga an yanka wasu gunduwoyi, B2 na iya riƙe su kada su isa hannun Argonaute. Wannan ita ce hanyar da ta fi yawa, ɓoye sawu. Akwai wani na bairas ɗin tumatir, P19, da ya kai abin maƙura. Da aka ga siffarsa a 2003, sai aka tarar kamar awartaki yake, bakinsa a buɗe daidai tsawon gunduwa mai haruffa 21. Wadda ta fi haka tsawo ba ta zama masa daidai. Saboda wannan tsantseni nasa har masu bincike suna aron sa don kamo ƙananan RNA a ɗakin gwaji.

Wasu kuma Argonaute suke nufa. Akwai bairas mai shanye gyare, wanda aka fara gani a Ostareliya. Furotin ɗinsa mai suna 1A yana barin Dicer ya yi yankansa yadda ya ga dama, sai ya je ya manne wa Argonaute ya hana shi datsewa, har ma ya jawo masu kwashe shara na tantanin su ɗauke shi su niƙe. Abin mamaki, ɗan'uwansa na kusa da ke kama ƙuda yana da furotin a daidai wannan gurbi, mai suna iri ɗaya, amma shi lulluɓe igiya yake yi kamar B2. Gida ɗaya, sana'a daban. Wannan na nuna cewa ba sau ɗaya bairas suka samo wannan dabara ba, kowanne ya laluɓo tasa hanyar. Su ma ƙudajen ba a zaune suke ba. A 2006 Darren Obbard da abokansa a Edinburgh suka nuna cewa ƙwayoyin gadon da ke ƙera Dicer da Argonaute na yaƙin bairas suna cikin kashi 3 cikin 100 da suka fi saurin sauyawa a jikin ƙuda. Kar ta san kar ke nan: ana canza kwaɗo, ɓarawo yana yanko sabon makulli.

Mu koma ga sauronmu. A 2004 aka gwada sauron zazzaɓin cizon sauro na Afirka da bairas ɗin o'nyong-nyong, wanda aka fara ganowa a Yuganda a 1959. Da aka raunana Argonaute ɗin sauron, bairas ya yi yawa fiye da yadda ya saba. To amma gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2008 da 2009, a Amurka. An ɗauki bairas ɗin Sindbis, mai sunan wani ƙauye kusa da Alƙahira inda aka samo shi a 1952. Shi wannan yana zama da sauro lami lafiya, kuma ba shi da wani ƙaƙƙarfan abin ɗaure mai gadi. Sai aka ɗauko B2 aka dasa masa. Gunduwoyin RNA suka ragu, bairas ya cika jikin sauron, saurayen suka yi ta mutuwa. An ƙara wa bairas ƙarfi, ya kashe jakin da zai kai shi kasuwa. Bairas ɗin da ke buƙatar sauro ta rayu kwanaki da yawa kafin ya isa yawunta, ba ribarsa ba ce ya kashe mai gadi gaba ɗaya. Ba wai yana da wayo ba ne, wanda duk ya wuce gona da iri ya mutu tare da sauronsa, masu sassauci suka rage.

Kada a ɗauka duk masu bin sauro hannu rabbana suke zuwa. A 2016 aka nuna cewa furotin ɗin da bairas ɗin shawara ke yin kwansonsa da shi yana kama RNA mai tufka biyu ya tare wa Dicer hanya. Danginsa irin su denge da na Yammacin Nilu kuma suna tara wasu guntayen RNA masu taurin niƙa da ke rage wa tsarin kaifi. Ragewa ce dai, ba kashewa ba.

A jikin ƙwari da tsutsa da tsirrai babu mai musu. Da aka zo kan dabbobi masu shayarwa, har da mu 'yan Adam, sai aka shiga gardamar da aka fi shekara 20 ana yi.

Mu ma muna da Dicer da Argonaute, amma babban aikinsu a jikinmu wani ne daban: sarrafa wasu ƙananan RNA namu na gida da ke daidaita yawan furotin da tantani ke ƙerawa. Idan tantaninmu ya ga igiya mai tufka biyu, abin da ya fi yi shi ne kururuwa. Yana sakin wani sinadari mai suna intaferon, wanda Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano a Landan a 1957, maƙwabta su ji su rufe ƙofa, shi kuma ya dakatar da ƙira baki ɗaya, wani lokaci ma ya kashe kansa. Ƙwari ba su da wannan. Tambayar ita ce, shin tsohuwar dabarar yanka tana nan tana aiki a ƙarƙashin wannan kururuwa, ko an yi mata ritaya?

Masu cewa tana nan sun fara da hujjar ruwa ba ya tsami banza. A 2004 aka nuna cewa NS1 na bairas ɗin mura, wanda murar tsuntsaye ma ke da shi, yana iya maye gurbin B2 a tantanin ƙuda. Haka ma E3L na bairas ɗin da ake yin lambar agana da shi, wadda tabonta ke dantsen iyayenmu. A 2007 aka ƙara da VP35 na Ebola. Adenobairas, mai kawo mura da jan ido, shi nasa salon daban ne: yana zubo wasu gajerun RNA na bogi, har kusan miliyan 100 a tantani guda, su cika ƙofar fita daga tsakiyar tantani, su shagaltar da Dicer, kamar a cika layin asibiti da masu lafiya don kada mara lafiya ya ga likita.

Masu musu suka ce a dakata. Duk waɗannan an riga an san su da wani aiki, wato hana kururuwar intaferon, kuma suna yin sa ne ta hanyar ɓoye wannan igiya mai tufka biyu ɗin dai. Wanda ya ɓoye sawu don kada kare ya bi, ya ɓoye wa maharbi ma, ko da babu maharbi a garin. An ma nuna cewa furotin na baktiriya mai kama irin wannan igiya, wanda bai taɓa haɗa hanya da Dicer ba, yana iya daƙile toshiyar idan aka cika shi a tantanin shuka. Ga kuma hujja mai nauyi tun 1998: bairas ɗin mura da aka cire wa NS1 yana hayayyafa a tantanin da ba ya yin intaferon, yana kuma kashe ɓerayen da aka toshe wa hanyar jin kururuwar. Wato gwajin nan mai hawa biyu ya nuna intaferon ne mai gadin da NS1 ke ɗaurewa. Ko bairas ɗin Lassa, mai sunan garin nan na jihar Borno inda aka gano shi a 1969, yana da furotin da ke cinye igiyar ƙurmus, kuma an fahimci aikin nasa ne ta fuskar guje wa intaferon. Sannan da aka lalube tantanin mutane masu ɗauke da bairas iri-iri, gunduwoyin da ake samu jingim a jikin ƙuda sai aka same su 'yan ƙalilan, ko babu. A 2014 Bryan Cullen na Jami'ar Duke ya cire Dicer ɗungurungum daga tantanin mutum ya zuba bairas da dama, ciki har da na shawara da denge da ƙyanda da ƙanjamau. Ba su ƙara yawa ba.

A nan ne abin ya zama kamar kaza da ƙwai. Idan ba a ga gunduwa ba, mai musu zai ce babu tsarin. Mai goyon baya kuma zai ce ai dole ba za a gani ba, tunda bairas ɗin da kuka saka ya zo da abin ɗaurewarsa. Cire mai gadin da aka riga aka ɗaure tamau ba zai canza komai ba.

Ƙoƙarin warware wannan ƙulli ya zo a 2013, da bairas ɗin Nodamura, ɗan'uwan Flock House da aka samo a jikin sauro a Japan a 1956. Shi yana da B2, kuma yana kashe jariran ɓeraye. Ding ya ɗauki jariran ɓeraye 'yan kwana bakwai. Waɗanda aka yi wa allurar cikakken bairas suka mutu cikin 'yan kwanaki, ba a ga gunduwoyin kirki a jikinsu ba. Waɗanda aka ba mara B2 kuwa suka rayu, bairas ya ɓace, ga gunduwoyi masu haruffa 22 da alamar wuƙar Dicer a jikinsu. A lokaci guda wata tawaga a Zurik ta ga irin wannan a tantanin asali na tayin ɓera, wanda bai riga ya zama na fata ko na hanta ba. Daga baya aka samu makamancinsa da bairas ɗin mura mara NS1, da kuma a 2017 a Wuhan ta ƙasar Sin, da wani bairas na hanji mai lamba 71 da ke fesa wa yara ƙuraje a hannu da ƙafa da baki, wanda abin ɗaurewarsa ake kira 3A.

Wannan bai rufe bakin kowa ba, don ganin gunduwa daban, tabbatar da cewa ita ce ta kashe bairas ɗin daban. Amma wasu abubuwa biyu da aka gano daga baya sun sa ni ganin cewa kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. Dicer ɗinmu yana da wani sashe a jikinsa da ke taka masa birki, shi ya sa ba ya ƙwazo wajen yanka doguwar igiya. Kuma a 2018 aka nuna cewa ɗaya daga cikin furotin ɗin da intaferon ke tayarwa yana danne Dicer da kansa. Da ma'ana a ciki: mai kururuwa yana buƙatar doguwar igiyar a matsayin shaida, idan aka yayyanka ta babu abin da zai nuna. Sai a 2021 ɗakin binciken Caetano Reis e Sousa a Cibiyar Francis Crick ta Landan ya samo wani nau'in Dicer mara wannan birki, wanda ya fi yawa a tantanin asali, ya kuma nuna yana rage Zika da bairas ɗin korona. Tantanin asali dama ba su da ƙarfin intaferon, kuma jiki ba zai so su riƙa kashe kansu ba, tunda su ne iri. A ganina tsohuwar dabarar ba ta mutu ba, an dai mayar da ita gadin ɗakin iri, aka bar wa intaferon sauran gidan. Mafi yawan gwaje-gwajen da ba su ga komai ba a sauran gidan aka yi su.

Akwai kuma bairas ɗin da ke da ruwa da ƙananan RNA namu na gida. Na lambar agana yana liƙa musu wutsiya don a niƙe su. Na ciwon hanta nau'in C kuwa ba ya yaƙar su sam, akwai ɗaya da ke cike a hanta wadda yake jingina da ita don ya hayayyafa, kamar yadda aka gano a 2005.

Amfanin wannan duka ga mai jinya ya fara leƙowa daga tawagar Wuhan ɗin nan. Sun lura cewa 3A, kamar B2, sai ya haɗu biyu-biyu yake iya riƙe igiya. A 2021 suka ƙera wani guntun furotin mai kama da gefen da 3A ke manne wa ɗan'uwansa, ya shiga tsakani ya hana su haɗuwa. Ba su taɓa injin kwafar bairas ɗin ba, hannun mai gadi kawai suka kwance. Gunduwoyi suka bayyana, kuma ɓerayen da aka ba cikakken bairas mai kisa, da aka yi musu wannan magani, suka tsira.